James O'Neill: Ɗan Wasan da Tsoron Talauci Ya Ɗaure

A cikin finafinan farko da aka yi a ƙasar Amurka akwai wani da ya fito a watan Nuwamba na shekarar 1913, mai suna The Count of Monte Cristo. Fim ne marar magana, kamar sauran na zamaninsa. Wanda ya kalle shi zai ga wani dattijo mai jiki, wanda ya haura shekara 60, ya sa tufafin saurayi ma'aikacin jirgin ruwa, yana ɗaga hannuwa, bakinsa yana motsi, amma ba a jin kome. Dattijon nan shi ne James O'Neill, ɗan Katolika, haifaffen ƙasar Ailan. Kafin a ɗauki wannan fim ya yi kusan shekara 30 yana wannan wasa ɗaya a gaban jama'a, gari bayan gari, kuma abin da ya fi jawo mutane wurinsa shi ne muryarsa. Labarinsa labari ne na mutumin da Allah ya ba baiwa mai yawa, ya kuwa san yana da ita, amma yunwar da ya sha yana yaro ba ta bar shi ya yi amfani da ita yadda ya so ba.

Yunwa da ƙaura

An haifi James O'Neill a gundumar Kilkenny ta ƙasar Ailan a shekarun 1840. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce gare mu, gama daga can ne firistoci da Sistoci da yawa suka zo suka yi aiki a cikinmu. Amma Ailan ɗin da aka haifi James a cikinta ƙasa ce da ke cikin masifa. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke biye da ita, wasu wajen miliyan ɗaya kuma suka tsallake teku. Iyayen James suna cikin waɗanda suka tsallaka. Suka sauka a Amurka da 'ya'yansu, suka zauna a birnin Buffalo na jihar New York.

Ba su daɗe ba sai mahaifin ya bar matarsa da yara, ya koma Ailan, can kuwa ya rasu. James yana da shekara 10 ya shiga aiki a wata masana'antar ƙarfe, inda ya koyi yin magagari. Yakan yi awa 12 a rana, ladansa kuwa rabin dala ne a mako. Mahaifiyarsa tana wanki da shara a gidajen masu hali. Yaron ya ga yadda ake fitar da kayan talaka a zube a titi idan ya kasa biyan kuɗin haya, ya kuma ji yadda manya ke ambaton gidan gajiyayyu na gwamnati da fargaba, wato inda ake kai tsohon da ba shi da kowa ba shi da kome. Tsoron wannan gida ya shiga zuciyarsa tun daga lokacin, bai kuwa fita ba har ranar mutuwarsa, ko da ya zama mai gidaje da filaye.

Hawan dandali

Daga baya iyalin suka koma birnin Cincinnati na jihar Ohio. A nan ne James ya fara leƙa gidan wasan kwaikwayo, da fari a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda ake tarawa su cika dandali ba tare da sun ce uffan ba. A 1867 ya sami ɗan matsayi a wasan The Colleen Bawn na Dion Boucicault, wanda shi ma ɗan Ailan ne. Daga nan bai sake komawa masana'anta ba.

A wancan zamani kowane babban gari yana da ƙungiyar 'yan wasansa ta dindindin. Manyan taurari su ne ke yawo, su sauka a gari na mako ɗaya ko biyu, 'yan ƙungiyar garin su mara musu baya. Saboda haka matashin ɗan wasa yakan haddace matsayi iri-iri cikin 'yan kwanaki, yana kuma koyo ta wurin tsayawa kusa da gwanaye. James ba shi da ilimin makaranta mai zurfi, harshensa kuma na ƙauyen Ailan ne, wanda Amurkawan lokacin ke yi wa dariya. Sai ya duƙufa a kan wasannin Shakespeare, yana karantawa da ƙarfi, yana gyara furucinsa, har ya mai da muryarsa abin da masu sharhi suka riƙa yabawa duk tsawon rayuwarsa. Allah ya kuma ba shi kyan fuska da kwarjini.

Ya yi aiki a Baltimore, sa'an nan a Cleveland, inda ya zama babban ɗan wasan ƙungiya. A 1872 aka ɗauke shi a gidan wasan McVicker na birnin Chicago. Nan ya fito a matsayin Romeo tare da Adelaide Neilson, shahararriyar 'yar wasa daga Ingila. A 1874 kuma ya tsaya dandali ɗaya da Edwin Booth, wanda ake ɗauka shi ne gwanin gwanayen Amurka a wasannin Shakespeare. A wasan Othello sai suka riƙa musanya, yau Booth ya zama Othello, James ya zama Iago maƙetaci, gobe kuma su juya. An ba da labari cewa Booth da kansa ya yaba wa saurayin, har ya fifita yadda ya yi Othello a kan nasa. James bai kai shekara 30 ba a lokacin. Masu lura da al'amuran wasa suka fara cewa ga magajin Booth ya bayyana. Har tsufansa, idan ya tuna da kwanakin nan na Chicago, yakan ɗauke su a matsayin ƙololuwar aikinsa.

Aure, da wasan Shan Wuyar Ubangiji

Tun yana Cleveland ya saba da wani ɗan kasuwa ɗan Ailan mai suna Thomas Quinlan. 'Yarsa Mary Ellen, wadda ake kira Ella, ta yi karatu a hannun Sistoci a makarantar St. Mary ta Notre Dame a jihar Indiana, inda ta gwanance a kiɗan piyano, har ta taɓa tunanin zama Sista. Aka ɗaura aurensu a cocin St. Ann na birnin New York ranar 14 ga Yuni, 1877. Yarinyar da ta tashi cikin natsuwar makarantar Sistoci sai ta sami kanta a rayuwar jirgin ƙasa da ɗakunan otal, cikin mutanen da manyan gari ba sa gayyata gidajensu, gama a lokacin ba a ɗauki wasan kwaikwayo sana'ar mutunci ba. A 1878 aka haifa musu ɗan fari a San Francisco, aka sa masa sunan mahaifinsa.

A wannan birni ne, a watan Maris na 1879, James ya karɓi matsayin da ya fi kowane nauyi a rayuwarsa. Wani marubuci mai suna Salmi Morse ya tsara wasa a kan Shan Wuyar Ubangijinmu Yesu Kristi, aka nemi James ya fito a matsayin Yesu. Babban Bishop na San Francisco, Joseph Alemany, ya duba rubutun kafin a fara. David Belasco, wanda daga baya ya zama babban mai shirya wasanni a New York, shi ne ya tsara dandalin. Waɗanda suka yi aiki da James a kwanakin nan sun shaida cewa ya ɗauki abin da tsoron Allah, ya ajiye taba da barasa, ya kuma hana wasan banza a bayan labule.

Amma fastoci da yawa na garin suka tashi tsaye, suna cewa saɓo ne a kwaikwayi Mai Ceto a gidan da ake biyan kuɗin shiga. Hukumar birnin ta kafa doka ta hana. Da aka sake buɗe wasan a lokacin Ista, sai 'yan sanda suka kama James da wasu abokan aikinsa, alƙali ya ci shi tarar dala 50. A 1880 aka yi shirin kai wasan New York, nan ma ƙorafi ya yi yawa har aka fasa. James ya so ƙwarai ya sake yin wannan matsayi, amma bai ƙara samun hali ba. Abin mamaki, kayan ado da rubutun Morse ba su ɓace ba. A 1898, bayan mutuwar marubucin, aka yi amfani da su wajen ɗaukar ɗaya daga cikin finafinan farko na rayuwar Yesu, a kan rufin wani babban gini a New York, da wani ɗan wasa dabam.

Monte Cristo

A watan Fabrairu na 1883 aka kira James zuwa gidan wasan Booth a New York, ya fito a wani wasa da aka ciro daga littafin Alexandre Dumas na ƙasar Faransa. Labarin Edmond Dantes ne, saurayi ma'aikacin jirgin ruwa na birnin Marseille, wanda maƙiya suka yi wa ƙazafi a ranar bikin aurensa, aka jefa shi kurkukun wani tsibiri har shekara 14. A can ya haɗu da wani tsohon firist fursuna, wanda ya ilimantar da shi, ya kuma gaya masa inda aka ɓoye wata dukiya mai yawa a tsibirin Monte Cristo. Da tsohon ya mutu, sai Dantes ya shiga buhun da aka sa gawar, aka jefa shi teku, ya tsira, ya kwashi dukiyar, ya dawo da sabon suna yana bin maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya.

James bai sami isasshen lokacin haddace maganganunsa ba, masu sharhi a jaridu kuwa suka kushe daren farko. Jama'a ba su kula da su ba. Akwai wurin da Dantes ke fitowa daga teku ya hau dutse, ma'aikata a ɓoye suna girgiza wani babban ƙyalle ya zama kamar raƙuman ruwa, shi kuwa ya miƙa hannuwa ya yi shelar cewa duniya ta zama tasa. Duk inda aka kai wannan wuri sai gidan ya ɗauka da tafi da sowa. A 1885 James ya sayi haƙƙin wasan, ya zama shi ne mai shi, shi ne tauraro, ribar kuma tasa ce.

Daga nan rayuwarsa ta koma zagaye ɗaya. Da kaka ta yi sai a ɗaure kaya a shiga jirgin ƙasa, yau wannan gari, gobe wancan, har bazara. An ƙiyasta cewa ya fito a matsayin Dantes wajen sau 6,000, ya kuma sami fiye da dala 800,000 daga wasan, a zamanin da leburan masana'anta ba ya samun dala 500 a shekara. Yaron da ya yi aikin rabin dala a mako ya zama attajiri. Ya sayi gida a bakin ruwa a garin New London na jihar Connecticut, inda iyalin ke hutawa a watannin zafi. Gidan nan yana ɗauke da sunan Monte Cristo.

Bai rasa ƙoƙarin kuɓuta ba. Ya gwada Hamlet, ya gwada Virginius da Richelieu, ya kuma fito a matsayin D'Artagnan a wani wasan da aka ciro daga littafin Dumas. Wasu sun karɓu, amma babu wanda ya cika gida kamar Monte Cristo. Da ya ga kuɗin shiga ya ragu sai tsohon tsoro ya motsa, ya sake ɗauko takobin Dantes. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, James kuwa ya san abin da yake ƙonawa. Shekaru suna wucewa, jama'a suka daina ganinsa a matsayin magajin Booth. Sunansa da na Monte Cristo suka zama abu ɗaya, har idan ya fito a wani wasa sai a ga kamar Dantes ne ya yi ɓatan hanya. Maimaita magana ɗaya dare dubu bayan dare dubu ya kuma dushe kaifin da yake da shi na shiga sabon matsayi.

Abin da gida ya biya

Iyalinsa ma sun biya nasu rabo. A 1885, Ella tana kan hanya tare da mijinta, ɗansu na biyu, Edmund, wanda aka bari a New York wurin kakarsa, ya kamu da ƙyanda daga wurin wansa, ya mutu bai cika shekara 2 ba. Uwar ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Ranar 16 ga Oktoba, 1888, ta haifi ɗa na uku, Eugene, a ɗakin otal a titin Broadway. Haihuwar ta zo da wuya, likita ya ba ta mofin don rage zafi, maganin kuwa ya kama ta. Ta yi shekara 25 da ɗoriya tana fama da shi.

Yaran sun tashi a makarantun kwana na Katolika, nesa da iyaye. Babban ya kai har kwalejin da ake kira Fordham yanzu, aka kore shi, ya faɗa shan barasa, ya rayu a kan ƙananan matsayi a ƙungiyar mahaifinsa. Eugene kuwa yana da shekara 14 ya gane halin da mahaifiyarsa ke ciki. Ya yi addu'a ta warke, bai ga sauƙi ba, sai ya daina zuwa Misa. James dai bai fasa zuwa coci ranar Lahadi ba, amma bai iya jawo 'ya'yansa su bi shi ba.

Halinsa game da kuɗi ya ƙara dagula zaman. A wurin shan barasa da abokai hannunsa a sake yake, kuma duk wanda ya zo masa da labarin fili ko ramin zinariya yakan sa kuɗi, sau da yawa ya yi hasara. A gida kuwa yakan bi fitilu yana kashewa. A ƙarshen 1912 Eugene ya kamu da tarin fuka. Da fari aka kai shi asibitin gwamnati na marasa hali, ya kwana biyu ya dawo, sa'an nan mahaifin ya biya aka kai shi asibitin Gaylord, inda ya warke. Ɗan bai manta da asibitin farko ba. Amma gaskiya ta wajabta a faɗi cewa uban nan ne ya biya kuɗin buga littafin wasanninsa na farko a 1914, shi ne kuma ya biya masa karatun rubuta wasan kwaikwayo a jami'ar Harvard.

Zuwan sinima

Yayin da James ke zagayensa, wata sabuwar sana'a tana tasowa a bayansa. Zuwa watan Afrilu na 1896 an riga an fara haska hotuna masu motsi a kan farin ƙyalle ga masu biyan kuɗi a New York. Daga 1905 ƙananan gidajen kallo suka bazu ko'ina, kuɗin shiga santi 5 kacal. Lebura da baƙon da bai iya Turanci ba, waɗanda ba su da kuɗin gidan wasa, suka sami abin kallo. Har waɗanda a dā ke cika kujerun baya masu araha don ganin Monte Cristo suka fara komawa can. Ƙungiyoyin wasa masu yawo suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 1911 da farkon 1912 James ya kai ga yanke wasansa ya zama gajere, yana nuna shi a gidajen nishaɗi, tsakanin mawaƙa da masu wasan dabo, 'ya'yansa biyu suna riƙe ƙananan matsayi.

Manyan 'yan wasan dandali sun raina fim. Yawancin finafinan lokacin naɗi ɗaya ne, ba sa wuce minti 15, da fari ma ba a rubuta sunayen 'yan wasa. Wanda ya ga hanyar canza wannan shi ne Adolph Zukor, baƙo daga ƙasar Hungary, wanda ya fara da cinikin fatu. A 1912 ya kawo Amurka wani dogon fim na Sarah Bernhardt, babbar 'yar wasan Faransa, inda ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ingila. Da ya ga masu hali sun zo kallo, sai shi da Daniel Frohman suka kafa kamfanin Famous Players, da nufin ɗaukar shahararrun 'yan wasa a cikin wasannin da aka san su da su. Wannan kamfani ne daga baya ya zama Paramount. James O'Neill da Monte Cristo su ne suka fara zaɓa.

Aka ɗauki fim ɗin a 1912, a ƙarƙashin Edwin S. Porter, wanda ya yi The Great Train Robbery a 1903. Kafin su fitar da shi sai kamfanin Selig ya riga su kasuwa da nasa Monte Cristo, mai naɗi uku. James ya kai ƙara, yana cewa an ɗebi tsarin wasan da shi ke da haƙƙinsa, kotu kuma ta ba shi gaskiya. Amma kafin nan jama'a sun riga sun kalli labarin. Famous Players suka jinkirta nasu, suka fara fitar da The Prisoner of Zenda, sai a Nuwamba 1913 fim ɗin James mai naɗi biyar ya fito. Bai yi tashen da aka zata ba.

Dalilin bai tsaya ga rigimar kasuwa kaɗai ba. A dandali, nisa da hasken fitila suna rufa wa dattijo asiri, murya kuma tana iya mai da shi saurayi. Kyamara ba ta da wannan alheri. An kafa ta wuri ɗaya, tana kallon dandalin kamar mai zaune a kujerar tsakiya, maganganun da suka sa dubban mutane kuka kuwa suka koma 'yan layukan rubutu da ake haskawa tsakanin hotuna. Faɗin hannu da takun ƙasaita, waɗanda aka tsara domin na kujerar ƙarshe ya gani, sai suka zama kamar sun yi yawa. Wanda ya fito a matsayin Dantes a fim ɗin Selig, wato Hobart Bosworth, shi ma ɗan dandali ne, amma tarin fuka ya raunana masa murya, saboda haka fim marar magana ya zama masa mafita, ya yi shekaru masu yawa a cikinsa. Abin da ya ceci Bosworth shi ne ya tsiraita O'Neill. Matasa irin su Mary Pickford da John Barrymore da Douglas Fairbanks, waɗanda su ma daga dandali suka fito a shekarun nan, sun koyi yin magana da ido da fuska, suka zama taurarin sabon zamani. James ya zo a makare, da wasan da ya riga ya tsufa a hannunsa. Fim mai magana bai kafu ba sai daga 1927, shekara 7 bayan rasuwarsa. Kwafin fim ɗinsa ya tsira, shi ne kuma abin da ya rage wanda za a ga mutumin yana motsi a ciki.

Kwanakin ƙarshe

Ya koma dandali, amma yanzu a matsayin dattijo mai mara wa wasu baya. Tun a 1909 ya fito a matsayin babban firist a wasan The White Sister. A 1913 ya zama Yakubu da kuma Fir'auna a wani wasa a kan Yusufu da 'yan'uwansa. A 1917 ya zama uban a cikin The Wanderer, wasan da aka gina a kan misalin ɓataccen ɗa. Mutumin da ke da 'ya'ya biyu da suka yi nisa da gida da coci ya riƙa tsayawa kowane dare yana buɗe hannu ga ɗan da ya dawo. A shekarun nan ya sami wata babbar ta'aziyya. A 1914 Ella ta je ta zauna na ɗan lokaci a gidan Sistoci a Brooklyn, ta fito ta rabu da mofin, ba ta kuwa sake komawa gare shi ba. Ta koma zuwa Misa, suka yi shekarunsu na ƙarshe cikin kwanciyar rai fiye da dā.

A 1918 mota ta buge shi a New York, daga nan ƙarfinsa ya fara raguwa. A watan Fabrairu na 1920 aka buɗe Beyond the Horizon, babban wasan Eugene na farko a Broadway. Tsohon yana zaune a cikin masu kallo, hawaye na zuba masa. Ba da daɗewa ba ya sami shanyewar jiki, likitoci kuma suka gano ciwon daji a hanjinsa. Ya rayu har ya ji cewa wasan ɗansa ya ci kyautar Pulitzer. A watannin jinyar nan uba da ɗa suka shirya. Eugene ya riƙa zama a bakin gadonsa, daga baya kuma ya ba da labari cewa mahaifinsa ya ɗauki Monte Cristo a matsayin la'ana a gare shi, domin kuɗin sauƙi ya sa ya bar abin da ya kamata ya zama, ya kuma gargaɗe shi kada ya bi wannan hanya. James O'Neill ya rasu a asibiti a New London ranar 10 ga Agusta, 1920, aka binne shi a maƙabartar St. Mary ta garin. Ella ta bi shi a 1922, babban ɗansu kuma a 1923, barasa ta gama da shi.

Eugene ya riƙe gargaɗin. Bai yarda ya rubuta abu don kasuwa kawai ba, a 1936 kuwa ya karɓi kyautar Nobel ta adabi. A 1941 ya kammala Long Day's Journey into Night, wasan da ya zuba iyalinsa a ciki, ya sa labarin a yini ɗaya na watan Agusta 1912, a gidansu na New London, wato shekarar da mahaifinsa ya tsaya gaban kyamara. Uban da ke cikin wasan, James Tyrone, tsohon ɗan wasa ne mai maƙo, wanda cikin dare yake buɗe wa ɗansa zuciya game da talaucin yarintarsa da baiwar da ya sayar. Marubucin ya rasu a 1953, aka buga wasan aka kuma fara nuna shi a 1956. A 1962 aka mai da shi fim, Ralph Richardson na Ingila ya fito a matsayin uban, Katharine Hepburn a matsayin uwar. Ta haka James O'Neill ya sake shiga sinima, wannan karo da magana, amma da muryar wani.

Wasan ya tsaya a daren 1912, bai kai ga warkewar Ella ba, bai kuma kai ga sulhun da aka yi a bakin gadon asibiti ba. Mai son ya yi wa mutumin adalci sai ya haɗa da waɗannan. Ya ciyar da iyalinsa, bai gudu ya bar su kamar yadda mahaifinsa ya yi ba, ya zauna da matarsa shekara 43 cikin ciwo da lafiya. Kuskurensa shi ne bai taɓa yarda cewa abin da ya tara ya isa ba, ya kuwa gane haka da kansa, ya faɗa wa ɗansa tun da sauran numfashi. Da yawa daga cikinmu mun tashi cikin rashi, mun san irin wannan tsoro, mun kuma san yadda yake bin mutum har bayan rumbunsa ya cika. Allah ya ji ƙan James O'Neill da iyalinsa, ya ba su hutawa.